Dutsen kwallin Inna da ƙwayar da ta ƙaryata ni

Assalamu alaikum. Wata ɗalibata ce ta janyo wannan rubutun. Jiya ta shigo ofis ido duk ya yi ja, wai wata uku kenan tana jera kwalabe a lab ɗinmu na kemistiri tana neman ƙwayar kiristal da za a haska a ga ainihin siffar sinadarin da ta haɗa, babu abinda ke fitowa sai gari, tace "Mama dan Allah ki bar ni in zana yadda nake zaton abun yake in wuce wurin, ai haka kowa ke yi." Nace ja kujera ki zauna. Ita gutsura mata labarin kawai na yi don tana da lakca ƙarfe biyu, ku kam sai dai in kun gaji kun tashi.

Ni 'yar Tudun Wada ce ta nan Kaduna, nan aka yanke min cibi. Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen da ake buga zane a jikin atamfa, tun zamanin da idan aka tashi aiki kekuna ke cika titi har tsallakawa ta gagara. Inna kuma sana'ar cikin gida take, kwalli da kanwa da alimun da lalle, ni da Yaya ake aika Kasuwar Barci mu saro mata. Aikina a gidan shi ne dakan kwalli. Duk wadda ta taɓa daka shi ta san abinda zan faɗa, dutsen ya fi girmansa nauyi, ga ƙyalli, kuma in kika buge shi ba ya tarwatsewa barkatai kamar sauran duwatsu, 'yan dunƙulaye yake fitarwa masu kusurwa daidai kamar an yayyanka magi, ki ƙara bugun ƙaramin ya ƙara ba ki wasu ƙanana masu irin wannan kusurwar dai. Na sha tambayar Inna me ya sa, tace haka Allah ya yi shi, daka ki ba ni wuri. Gaskiya ta faɗa, amma tambayar ba ta sake ni ba.

Muna aji biyar a sakandare aka kawo mana wani ɗan bautar ƙasa, wata rana yace wa zai iya samo alimun, na ɗebo na Inna ba da saninta ba, ranar na sha faɗa. Ya narka shi a ruwan zafi har ruwan ya ƙi karɓa, ya tace, ya sako zare a ciki ya rufe da takarda yace duk wanda ya taɓa sai ya yi noman fili. Bayan 'yan kwanaki muka tarar da wani abu a jikin zaren, kamar dala biyu an haɗa gindinsu, fuska takwas, sumul kamar an goge da tsumma, kuma babu wanda ya sassaƙa shi. Ranar na fara jin kalmar kiristal.

Likita na so zama, kamar kowa. Maki bai kai ba aka ba ni kemistiri a ABU Zariya, na yi kuka har na gode Allah. Har gobe a gidan biki in aka kira ni Dokta sai wata ta miƙo min hannu wai in duba mata hawan jini, nace Hajiya ni doktar gishiri ce. A kemistirin ma ɓangaren da ɗalibai ke gudu na faɗa, inoganik, wato sashen ƙarafa da ma'adinai da gishiri iri-iri. Abinda ya ja ni launi ne wallahi ba wani zurfin tunani ba. Aka ba mu labarin Alfred Werner na Suwizalan, yadda kobal da amoniya da kulorin, kaya iri ɗaya, suke ba da ruwan ɗorawa yau, gobe shunayya, jibi kore, shi kuma a 1893 yana ɗan shekara 26 yace ai ƙarfen ne a tsakiya abubuwa shida sun kewaye shi, bambancin launin daga wanda ya zauna a wane gurbi ne. Ya samu kyautar Nobel a 1913 bai taɓa ganin atam, wato ƙwayar zarra, ko ɗaya ba, da lissafi da ƙirga ire-iren abinda ya fito ya gano. Ni kuma na ɗauki darasin a baibai, na zaci duk wanda ya zana ƙarfe a tsakiya da hannaye shida ya zama Werner.

Aure ya zo, aikin koyarwa ya zo a nan Kaduna, sai na koma yin mastas, ba zan faɗi inda na yi ba don laifin nawa ne ba na makarantar ba. Aikin da muke yi a lokacin, har yanzu ma shi akasari ake yi a arewa, ki ɗauko gishirin wani ƙarfe, ki ɗauko wani sinadari da zai kama shi wanda muke ce wa ligan, ki dafa su tare a etanol awa uku ko huɗu, ki tace, ki busar, sai ki bi gwaje-gwajen da hannunki ya kai, zafin da yake narkewa, yadda yake shan haske, ko ruwansa na ɗaukar lantarki, da ƙarfin maganaɗisunsa. A shafin ƙarshe sai ki zana hoto ki rubuta a ƙasa "siffar da ake zato". Nawa na jan ƙarfe ne, na haɗa asitet ɗinsa, wato gishirinsa da ake yi da sinadarin tsamin khal, da wani ligan dangin bitamin B3, ya ba ni wani kore mai kyau kamar ganyen mangwaro bayan ruwa. Na zana jan ƙarfe ɗaya a tsakiya, ligan biyu kowanne ya riƙe shi da hannu biyu, ruwa biyu sama da ƙasa, shida cif.

Toh ga inda nake so a saurare ni. Sau biyu abun nan ya gaya min ba haka yake ba. Na farko, jan ƙarfe irin wannan yana da ilektiron guda ɗaya da ba shi da abokin zama, gwauro kenan, kuma gwauro ɗaya a sikelin maganaɗisu lissafinsa 1.73 ne, a aikace yakan ɗan haura. Nawa 1.4 ya bayar. Na maimaita, 1.4. Na sake, 1.4. Rana ta huɗu ina sauri zan je ɗauko yaro daga islamiyya na cusa garin a bututu yadda na ga dama, ya ba ni 1.8, nace alhamdulillahi yau sikeli ya warke, shi na rubuta. Na biyu, da na auna yawan jan ƙarfen da ke ciki ya fi lissafina nesa ba kusa ba, nace ai ban wanke shi da kyau ba ne ragowar gishiri ce ta maƙale. Ban ƙirƙiri lamba ba, da wannan nake lallashin kaina shekara da shekaru, amma zaɓen lambar da ta yi miki daɗi cikin huɗu, ku gaya min da me ya bambanta. Difens, wato zaman kare aikin a gaban malamai, ya wuce lafiya, aka buga takardar a wata mujalla, da ita aka ƙara min girma a wurin aiki.

Shekara takwas ina yawo da wannan zanen a jakata ina nuna wa ɗalibai.

A 2012 na samu tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na tafi Afirka ta Kudu yin digirin digirgir. Tafiyar ma wani labarin ne, yara uku, autar ko yaye ban daɗe da yi ba, dangin maigida ana ta ƙananan maganganu, shi ne ya tsaya yace ta tafi, Inna tace kawo min su nan ai ban mutu ba. A lokacin masaƙar su Baba ta daɗe da rufewa, yana zaune a gida yana jiran haƙƙinsa da har ya koma ga Allah bai gani ba, amma shi ya ba ni kuɗin jaka.

Sufabaizana wani dattijon Bature ne, ya yi ya yi in riƙa kiran sunansa gatsau kamar yadda sauran ɗalibai ke yi, nace Farfesa bakina ba zai iya ba, a gidanmu ko sunan Yaya ba na faɗa. Satin farko na nuna masa takardata ina taƙama. Ya daɗe yana kallon zanen, bai ce uffan a kansa ba, yace ki sake haɗa shi ki ba ni kiristal guda ɗaya, ɗaya tak, sai mu tambaye shi da kansa.

Guda ɗayan nan wata huɗu ya ci min. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba, ana neman ƙwaya ce da ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayar gero ma ƙatuwa ce a kanta, amma sai ta zama ita kaɗai, ba tagwaye ba, ba tsaga, garau in an haska ta. Ki narka abun a 'yar kwalba ki rufe ki huda murfin da allura ki bar ruwan ya riƙa tafiya a hankali, ko ki sa ƙaramar kwalba cikin babba mai wani ruwan daban tururinsa ya riƙa shiga yana tura abun ya fito, ko ki zuba ruwa biyu ɗaya kan ɗaya ba tare da sun gauraya ba. In ya yi sauri gari za ki samu, in kin cika ɗagawa kina leƙe kin ɓata, ni kuma ga ni da leƙe kamar mai jiran tuwo ya nuna. Kullum da safe in ɗaga in girgiza in duba, har wata 'yar Kamaru da muke lab ɗaya ta ƙwace kwalabena ta kulle a durowarta ta tafi da makullin hutun mako biyu. A wannan zaman jiran na karanta tarihin Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira a 1910, ita ta fito da siffar fenisilin da ta bitamin B12 ta samu Nobel a 1964, amma insulin da masu ciwon suga ke allura da shi tun wajen 1934 ta fara taɓa shi ba ta ga siffarsa ba sai 1969, ga ciwon gaɓɓai ya nannaɗe mata yatsu, ga 'ya'ya uku ita ma. Shekara 35. Na ji kunyar kukan da nake yi a kan wata huɗu.

Da aka buɗe durowa sai ga su a gindin kwalba ɗaya, kore shar, 'yan ƙanana kamar an barbaɗa. Farfesa ya zaɓi ɗaya a ƙarƙashin maikirosikof cikin ɗigon mai, ya ɗauke ta da wani ɗan zobe da ido da ƙyar yake gani, ya ɗora a inji, iskar naitirojin mai sanyin digiri 173 ƙasa da sifili tana busa ta don atam ɗin su rage rawa. Injin yana juya ta yana harba mata hasken eksire, irin dai na hoton ƙashi a asibiti, a allon kwamfuta kuma ɗige-ɗige ne ke fitowa, dubbai, wasu masu haske wasu dishi-dishi. Muka bar shi ya kwana yana aiki. Ni dai ban runtsa ba.

Da safe ya zaunar da ni gaban kwamfuta, da manhajar SHELX ta George Sheldrick da kusan duk masu wannan aikin ke amfani da ita, cikin 'yan mintoci ƙwallaye suka fara bayyana. Jan ƙarfe biyu na gani ba ɗaya ba. Suna fuskantar juna, tsakaninsu wajen angistiram 2.6, angistiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Asitet ɗin da na rantse ya fita waje yana nan daram, guda huɗu, kowanne ya kama wannan ƙarfen da hannu ɗaya wancan da ɗaya hannun, in kun san kalangu toh haka, fata biyu a baki biyu igiyoyi sun ɗaure su. Ligan ɗina da na ba shi hannu biyu da hannu ɗaya ya riƙe, can a ƙarshen kowane ɓangare, ɗaya hannun ma ko kusa bai kai ba, da na ɗauki lemo da tsinken tsire na gwada ginawa tun a Kaduna da na ga ba zai lanƙwasu haka ba. Ruwa biyun da na zana kuwa babu su babu dalilinsu.

Farfesa yace nawa maganaɗisunsa ya ba ki a can gida? Nace 1.8. Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, nace Farfesa 1.4 ne, sau uku. Yace toh sikelinku lafiyarsa ƙalau. Gwauraye biyun nan da aka zaunar kusa da juna, ta hanyar igiyoyin asitet ɗin suke jin juna, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa sai su rage wa juna ƙarfi, shi ya sa lambar ke sauka. Ya miƙe ya ɗauko wani tsohon kundi ya buɗe min, ashe tun 1953 wasu masana biyu, van Niekerk da Schoening, a nan Afirka ta Kudun a Piritoriya suka fito da wannan siffa ta kalangu a asitet ɗin jan ƙarfe, kafin su da shekara ɗaya Bleaney da Bowers a Ingila sun riga sun hango daga maganaɗisun kaɗai cewa ƙarfen bibbiyu yake zaune. Abinda aka sani tun Baba yana yaro, tsohon sikelinmu mai tsatsa ya faɗa min shi sau uku na ƙaryata shi.

Daren na kira maigida ina kuka, yace Maman yara toh wa ya sani in ba ke kika faɗa ba, ki yi shiru mana ki ci gaba da sabon. Ba mugun nufi gare shi ba tausayina ya ji. Amma ɗalibai nawa na koya wa wancan zanen, kuma na san akwai masu kafa hujja da takardar. Na rubuta wa mujallar cewa a gyara, har yau ba su amsa ba. Sai muka buga sabuwar siffar, a sakin layi na biyu na rubuta da hannuna cewa wadda na bayar a baya kuskure ce, na faɗi dalili. Bayanan suna ajiye a rumbun siffofin kiristal na Kambirij a Ingila da Olga Kennard ta kafa a 1965, wanda a 2019 siffofin da ke cikinsa suka cika miliyan ɗaya, nawa 'yan ƙalilan ne a ciki amma kowanne in kin buɗe za ki iya bin lissafin da kanki ki kama ni in na yi son rai. Wannan ne ya sa na zauna a wannan fannin, ba wai don na fi kowa gaskiya ba, na ga dai irin abinda zan iya aikatawa in babu mai kama ni.

Da na zo hutu a 2014, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ilimin kiristal, duk gidan babu wanda ya gane me nake yi sai Baba. Muna zaune a tsakar gida da daddare yace Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni, wai me kike haskawa ne a can? Na cire gyalena na shifon na miƙa masa nace Baba kalli ƙwan fitilar masallacin can ta cikinsa. Ya kalla yace na ga ya rabu ɗige-ɗige kamar an jera. Nace toh da saƙar ta fi haka matsewa ɗigon zai ƙara warwatsuwa, kenan ko ba ka ga zaren ba daga ɗigon za ka iya faɗin yadda aka saƙa. Atam a cikin kiristal jere suke kamar zaren, sai dai tazararsu ta yi ƙanƙanta da hasken fitila, sai eksire da tsawon zangonsa ya yi daidai da ita. Max von Laue ya fara nuna haka a Jamus a 1912, sai wani uba da ɗansa a Ingila, su Bragg, suka mai da shi lissafi, gishirin miya na cikin abubuwan farko da suka warware a 1913, aka ba su Nobel tare a 1915 ɗan yana shekara 25. Nace kuma ba sai an nemo kowane atam ba, ɗan akwati ɗaya ake nema, shi ne ke ta maimaita kansa gaba da baya da sama. Baba ya yi dariya yace ripit kenan, ai mu shekara ashirin da wani abu muna wannan, zane ɗaya ne a jikin rola shi ke ta zagayowa har yadi dubu, in ripit ya goce ko da ƙiris ne duk bandir ɗin ya tashi aiki. Na gaya masa masu lissafi sun tabbatar duk zanen da ke maimaituwa a shimfiɗe, na atamfa ne ko na tayil, hanyoyin jera shi 17 ne kacal, na kiristal kuma 230. Ya yi shiru yana ƙirga wani abu da yatsu, can yace sha bakwai ɗin nan ina jin duk na buga su. Ban sake samun hira irin wannan da shi ba, shekara biyu bayan nan ya rasu, saura wata ɗaya in dawo gaba ɗaya.

Dawowa gida kuma sai aka shiga wani karatun. Injin da ke duba gari akwai shi a Kaduna da Zariya, yana gaya miki wane ma'adini ne a hannunki, da shi masu aikin farar ƙasar Ƙanƙara ke duba ko ta koma ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka da ake tace abubuwa da shi. Amma mai ɗaukar ƙwaya ɗaya ya fito da sabuwar siffa, ni dai duk nawa waje nake aikawa. Ki sha wahala wata biyu ki samu ƙwaya, ki sa a ambulan, kafin ta isa ruwan da ke cikin jikinta ya fice ta zama fara fat kamar alli, a rubuto miki cewa ba ta ba da ɗigo ko ɗaya ba. Sau biyu aka yi min haka kafin na koyi aika su cikin ruwan da suka tsiro a ciki, a liƙe bakin kwalbar ruf, sannan ki tsaya kina yi wa ma'aikacin aika saƙo bayani cewa ba ƙwaya irin wadda yake tunani ba ce. A taron masu ilimin kiristal na Afirka da aka yi a Akara a 2019 na ga ashe ba mu kaɗai ba ne, kowa da irin labarinsa. Babban injin haske da ake ce wa sinkirotiron, irin na Girenobul a Faransa, ko SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, duk faɗin nahiyar nan babu ko ɗaya, ana dai ta fafutukar a samu.

Sai yanayin garinmu. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, kwalbar da za ta yi mako biyu a can cikin kwana biyu ta ƙafe ta bar miki gari, ga ƙura. Da bazara zafi, firij kuma yau akwai wuta gobe babu, abun ya yi sanyi ya yi zafi ya narke ya sake fitowa a hargitse. In an tada janareta benci har rawa yake, kiristal kuwa ba ya son motsi. Shekara guda ina asara, har wata rana na je gaida Inna na ɗebi ruwa a randarta, sanyin ya ratsa min haƙori, na tsaya da moɗa a hannu. Washegari na sayo tukwane biyu babba da ƙarama, na zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don ajiye tumatir da yalo, na jera kwalabe a ciki na rufe da faifai na tura lungun sito inda ba a bi. Duhu, sanyi daidai ba hawa ba sauka, ba girgiza. Abokan aiki suka yi ta tsokanata wai Dokta ta buɗe sana'ar fura. Siffofi huɗu na fitar daga cikin tukunyar nan, yanzu masu tsokanar biyu suna da tasu.

Saura kwallin Inna. Tun abinda ya faru a Zamfara a 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gida, hankalina bai kwanta da dutsen nan ba, na san amsar a littafi amma ina tsoron in gani da idona. Sai da na dawo na ɗauki ɗan gutsure na kai injin gari. Galena ce, dalma da farar wuta, babu ko tantama. Jerinta iri ɗaya ne sak da na gishirin miya, kowane atam shida sun kewaye shi a kusurwa daidai, akwatin gishiri angistiram 5.64 nata 5.94, shi ya sa in an buga take tsagewa kamar magi. Tambayar da na yi ina 'yar shekara tara kenan, amsar ta zo min da abinda ban so ba, don ni na daka shi da hannuna shekara da shekaru, kuma da shi aka yi wa 'ya'yana uku kwalli ranar suna.

Na je na samu Inna, na rasa ta inda zan fara. Nace Inna dutsen nan dalma ce, kuma likitoci sun ce babu wani ɗan adadinta da za a ce ba ya cutar da yaro, jariri yana murza ido ya kai hannu baki, tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba a gani. Tace ke da kika sha shi tun kina tsumma ba ga ki Dokta ba? Kuma kwalli ai sunna ne. Nace Inna ban ja da wannan ba, ni dutsen da ke cikin wannan kwanon na auna, shi nake magana a kai. Ta daɗe tana juya wani gutsure a tafin hannunta. Tace na jarirai na daina bayarwa, duk mai jegon da ta aiko zan ce babu. Nawa idon kuwa ki ƙyale min shi, shekara saba'in muna tare. Har yau a haka muke, in na je na tarar ta rambaɗa shi sai ta riga ni magana, wai Dokta a yi haƙuri.

Ita kuma ɗalibar tawa ban bar ta ta zana komai ba. Na karɓi littafin lab ɗinta na duba lambobin da ta samu tun farko, duka, har waɗanda ta ja wa layi, na sa ta sake narka abun a ruwa kala uku, kwalba tara, muka jera a tukunya na kulle siton na jefa makullin a jakata. Ɗazu da safe ta turo min saƙo wai Mama ko in zo in ɗan leƙa. Nace sai ranar Litinin ta sama.